Fankar Baba

Maraɗi, Yuli 2008

Ƙanena Tankari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Inna ma na gaishe ka. Ya zafin Guangzhou?

Tun rasuwar Baba ɗakinsa ke rufe, tarkace har rufi: matattun agogo, ƙafafun keke, da waccan fankar gwangwani da ya ce iska za ta juya ta, ta jawo mana ruwan rijiya. Na yi magana da Alhasan mai sayen ƙarfe, zai zo ya kwashe, in samu wurin zuba atamfofin da za ka turo. Baba ya taɓa kowace sana'a bai gama ko ɗaya ba, mu muka sha dariyar unguwa. Ni na gaji.

Allah ya tsare.
Yayarka, Fasuma

Xiaobei, Guangzhou, Agusta 2008

Yaya Fasuma,

Wa alaikumus salam. A gaida mini Inna da kyau.

Don Allah ki dakatar da Alhasan. Kasuwa ta yi sanyi saboda wasannin Olamfik, kaya ba sa fita, sai na shiga yawo. Ruwan sama ya kora ni wani zaure inda aka baje injunan katako, Sinawa sun yi layi suna kallo shiru. Wai zanen wani mutumin Italiya aka bi aka ƙera su, ya rasu kusan shekara ɗari biyar da suka wuce. Mai zane ne, mai kiɗa, mai nazarin ruwa da ƙashin mutum. Bahago ne, yana rubutu daga dama kamar namu na allo. An ce yakan sayi tsuntsaye a kasuwa ya sake su. Kuma Yaya, yawancin abin da ya fara bai gama ba.

Akwai wasu fukafukai rataye a sama, ba su taɓa tashi da kowa ba. Na tsaya ƙarƙashinsu, wallahi sai na ji ƙamshin man keke na rigar Baba, na ga kamar yana gefena da fensir a kunne. Na tambayi mai gadi ko suna sayar da ƙarami, ya ce "meyo", wato babu. Mu kuwa muna da ɗaki guda cike, za mu ba da a kan sikeli. Na yi kuka a cikin mutane.

In atamfa ta iso, ta zauna a ɗakina na gida. Ki yi haƙuri da ni.

Ƙanenki, Tankari

Maraɗi, Satumba 2008

Tankari,

Gaisuwa. Kai dai sak Baba ne, an aike ka sayen kaya ka ɓige da kallon fukafukai.

Alhasan ya zo. Maimakon ya kwashe, na sa shi ya kafa fankar bakin rijiya, in nuna maka shirme ne. Jiya da la'asar iskar hadari ta taso, ta kama juyawa. Ko ɗigon ruwa ba ta jawo ba. Amma Inna ta fito da tabarma ta zauna tana kallo har yayyafi ya jiƙa ta, ta ce kar wanda ya taɓa.

Sai ka zo.
Fasuma