Kan Jirgin da Alhaji Hassoumi Ya Tafi da Shi

Rillieux-la-Pape, 6 ga Mayu

Zuwa ga Alhaji Hassoumi,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Rékia da sauran iyali a Saint-Denis. Yaya gajiyar hanya? Na san kayanka sun ƙara nauyi da komawa.

Ranar sunan jikata na zagaya da baƙi garkata, kuka ga ɗan jirgin ƙasan da nake wasa da shi tun da na ajiye aiki. Ka yaba kan jirgin, ni kuma na ce naka ne, kamar yadda kowane mai gida zai faɗa a gaban jama'a. Yaron da aka haifa a nan ƙasar zan yi masa uzuri. Kai kuwa a Damagaram ka girma, ka san amsar wannan magana ita ce godiya da mayar da hannu aljihu. Sai ka naɗe shi da tawul ɗin Batula matata, ka sa a jaka.

Ba roƙonka nake ba. Na rubuto ne domin ka san na gani.

Wassalam,
Malam Moctar

22 ga Mayu

Alhaji Hassoumi,

Ina gaisuwa, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Takardarka ta iso, inda kake kukan cewa ka sayi layin dogo mai tsada a Paris amma jirgin ya ƙi zama a kansa, har kana tambayar ko lalatacce na ba ka. Lafiyarsa ƙalau. Nawa dogon ba na kanti ba ne. Da sandunan labule na alminiyum da mutane suka zubar na yi shi, na yanka katakon akwatunan kasuwa gunduwa-gunduwa, na jiƙa su da mai saboda ruwan sama, na kafa kowanne da ƙusa ina durƙushe. Faɗinsa yatsuna uku ne, kuma a kan wannan awo na sake ɗaura ƙafafun jirgin. Duk Faransa babu inda zai yi tafiya sai a garkata.

Ka ce in aiko maka da awon. Yatsun suna jikina.

Malam Moctar

9 ga Yuni

Alhaji,

Ina fatan kowa lafiya.

Batula ta matsa mini in buɗe baki in ce ka maido. Ban taɓa karɓar abin da na bayar ba, ba kuma zan fara a kanka da furfurata ba. Na jira ko kunya za ta aiko da shi, ba ta aiko ba.

Saboda haka jiya na tumɓuke dogon gaba ɗaya, har da gadar da ke kan kwatar ruwa. Buhu tara ne, da lakarsu. Muhyiddeen mai kamiyo, babbar motar kaya, zai sauke maka su ranar Juma'a bayan masallaci, a gaban mutane, domin su shaida ban yi maka rabin kyauta ba. Na san a hawa na shida kake, ba ka da ko taƙin ƙasa. Sai ka nemi wurin shimfiɗa shi tsakanin kujerun Hajiya.

Kada ka wahalar da kanka da godiya. Idan ta kama ka zo nan wajenmu Lyon, akwai masaukin haya kusa da tasha.

Wassalam,
Malam Moctar