Takardun Hafsat da Aka Ƙone a Aston

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Ya jikin Inna da ciwon gwiwarta, ya Malam da yara? Mu nan unguwar Longsight lafiya lau, sai ɓacin ran da ya sa na ɗauki biro.

Kin san Hafsat tana jami'a a Birmingham, tana zaune a unguwar Aston a gidan baffanta Alhaji Sani. Tsofaffin waƙoƙin Turkawa take nazari, waɗanda aka kwafa da hannu. Ta baza hotunan shafukan a ƙasa tana gwada kwafi da kwafi, duk inda wani magatakarda ya sauya kalma ta sa alama da fensir. Ta fita sayen burodi, Alhaji ya leƙa, ya ga baƙaƙen Larabci a ƙasa. Bai tambayi kowa ba, ya tattara ya ƙone, wai ayoyi ne ake wulaƙantawa! Da ta yi kuka ta ce, "Baffa, waƙa ce," sai ya ce, "Waƙa da harafin Alƙur'ani? Ba a gidana ba."

Yaya, ni da na koyi karatu da furfura na san ajami. Waƙoƙin Kaka ba da shi aka rubuta su ba? Hotunan za a sake bugawa, amma aikin fensirinta ya zama toka, ga malamarta tana jira. Yarinyar ko abinci ba ta ci.

Na ɗauko ta. Na ba ta teburin cin abinci, mu mun sauko ƙasa, takardu sun hau sama.

Ku sa ta a addu'a. Ki gaida Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi