Tsuntsaye Masu Kallon Gida

Pekalongan, 3 ga Maris

Zuwa ga malamina Pak Darmaji,

Gaisuwa mai yawa, ya ciwon ƙafa? Ni ce Wartini, wadda ta bar makaranta daga aji huɗu. Wata biyar ke nan ina aikin batik a birni, ina zana yadi da kaki.

Pak, kaina ya ɗaure. Sau biyu ina aika labarina jaridar Lahadi, suna dawo min da shi. Editan jaridar ya rubuta a gefe wai "ba abin da ya faru". Ta yaya? Rana ta fito, zakara ya yi cara, an dafa shinkafa, an ci! Ga shi nan na haɗo maka. Emak, mahaifiyata, ta ce ɓarnar takarda nake yi. Na rantse in suka dawo da na uku, littafin da nake rubutu a ciki zan cusa a wutar ƙarƙashin tukunyar kaki in huta.

Ɗalibarka,
Wartini

*

11 ga Maris

Wartini,

Na amsa gaisuwa, ƙafa da sauƙi. Na karanta. Shafi uku rana tana fitowa, har shayina ya huce ban ga mutum ba. Yanke su. Gidan benen Jakarta ma cire shi, ba ki taɓa hawa ba. Ki saurari na kusa da ke. Babbar matsalar kuwa, mutanenki sun cika ladabi, kowa "to" yake cewa. Labari ba ya tashi sai wani na son abu, wani ya hana. Ki sa yarinyar labarin ta ce a'a, ko sau ɗaya.

Ki bar tukunya da itacenta.

Darmaji

*

26 ga Maris

Pak, barka da war haka.

Na gwada sa ta ce a'a, wallahi hannuna ya ƙi. Wa ka taɓa ji ya ce wa babba a'a a wajenmu? Kai ma ba ka taɓa ba. Har na ɗauki littafin na nufi murhu.

Sai ga abin da ya faru ran Laraba. Mbak Sumirah, wadda ta girme mu duka a aiki, ta nemi tafiya askin jikanta. Bu Lastri mai wajen ta ce sai ta gama yadin tsuntsaye. Mbak Sumirah ta sunkuya, ta yi murmushi, ta ce, "To, Bu." Ta zauna ta zana tsuntsu goma sha biyu, duk sun juya kai baya.

Bu Lastri ta ɗaga yadin ta ce, "Sumirah, wuyansu ne ya karye?"

Ta ce, "Gida suke kallo, Bu."

Muka dinga cusa baki a zani. Bu Lastri ta ce, "Tashi ki tafi, tsohuwar banza, kafin ki juya min kifaye ma."

Pak, ashe mu da hannu muke cewa a'a! Shi na rubuta. Layin farko "To, Bu" ne, ba rana, ba zakara. Ka yafe min, ban bi shawararka duka ba. Na aika wa jaridar jiya.

Wartini

*

20 ga Afrilu

Pak! Pak! Ya fito! Shafi guda, da sunana, har da zanen tsuntsu! Na karanta wa mata a wajen aiki, kaki ya ƙone ba wanda ya kula. Mbak Sumirah ta ce ƙarya na yi, tsuntsayen sha huɗu ne. Bu Lastri ta sayi jarida biyu. Don Allah ka kai wa Emak ka karanta mata, ni tsoro nake ji.

Wartini

*

27 ga Afrilu

Marubuciya Wartini,

Shawararki ta fi tawa. Na karanta wa Emak, ta sa na maimaita. Da zan tafi na ce ta ba ni jaridata. Ta ce, "To, Pak." Ta naɗe ta, ta sa a akwatin zannuwanta, ta hau kai ta zauna.

Ki aiko min da wata.

Darmaji