Fuskar Mai Sayar da Man Fuska

Litinin, 2 ga Yuni

Manaja ta kira ni ofishinta muna buɗe shago, ta ce in turo ƙofa. 

Wai ranar talatin ga wata wakiliyar kamfanin sabon man nan mai tsada za ta zo ta ga kantinmu da masu tsayuwa a kansa. Mu biyu ne a teburin kayan fuska, ni da Gimbiya. Tana magana tana kallon haɓata, ko sau ɗaya ba ta kalli idona ba. "Kin fi kowa iya magana da kwastoma, ban musa ba. Amma fuskarki ce tallar." In ba a ga canji ba, sito za ta mayar da ni. A sito babu ɗan kason da ake ba mu kan abin da muka sayar, kuma da wannan kason nake iya sa hannu a cefanen gidan Yaya, wadda nake zaune a wurinta.

Ta miƙo mini ƙananan kwalaben gwaji uku, ta ce kyauta ce. Har godiya na yi.

Shekara ashirin da takwas gare ni. Tun ina sha huɗu ake ce mini ƙurajen nan na ƙuruciya ne, za su wuce.

Talata, 3 ga Yuni

Na fara. Ruwan wanki, sai na ɗigawa, sai kirim. Ƙamshinsa kamar gidan masu kuɗi. Yaya ta bar keken ɗinkinta ta zo ta shinshina kumatuna, ta ce ko bai yi magani ba ai ya yi turare.

Ƙarfe sha ɗaya goshina ya fara ƙyalli kamar kullum. Tishu huɗu kafin azahar. To amma yau ne ranar farko.

Juma'a, 6 ga Yuni

Ina ga kamar na gefen hanci sun kwanta. Ina ga.

Litinin, 9 ga Yuni

Sababbi bakwai. Uku a haɓa, masu zurfin nan da ba su da baki, ko hamma na yi sai sun amsa.

Na nuna wa Gimbiya a banɗaki. (Muna ce mata haka ne don ba ta taɓa sunkuyawa ta ɗaga kwali ba.) Ita da sabulun wanki ma za ta wanke fuska ta fito sumul. Ta ce kar in damu, dattin ciki yake fitarwa. Na tsaya ina kallonta. Maganar da aka koya mana mu gaya wa duk wadda ta dawo da ƙorafi ke nan, ni kaina na faɗe ta ya fi sau ɗari, da murmushina. Abin haushin, da ta faɗa sai na ji ina so in yarda.

Laraba, 11 ga Yuni

Kwalaben gwajin sun ƙare, na sayi manyan. Da kuɗin da nake tarawa na komawa makaranta. Ko da rangwamen ma'aikata, kuɗin ba kaɗan ba ne. Ban gaya wa Yaya ba, na ɓoye kwalin a ƙasan akwati.

Idan na rabu da ƙurajen zan mayar cikin wata biyu. Haka na ce wa kaina a mota.

Asabar, 14 ga Yuni

Ba abin da ya canja sai muni. Hoda ba ta zama, kafin rana ta raba ta narke ta taru a ramukan tabo. Fitilun teburinmu farare ne tas, an yi su don su nuna komai, kuma ta ko'ina madubi. In na juya dama ga ni, in na juya hagu ga ni. Wata mata ta ɗauki kwalba, ta ɗago ta dube ni, ta ajiye a hankali kamar kar ta ba ni kunya, ta koma wajen Gimbiya ta saya.

Da na tashi aiki ban san lokacin da ƙafata ta kai ni wajen wata mata mai tebur a bakin tasha ba. Sabulu baƙi da wani kirim a robar da ba rubutu. Duka biyun ba su kai kuɗin motar mako ba. Ta ce haɗinta ne na kanta, kwana uku. Na ce me ke ciki, ta yi dariya ta ce in ta gaya mini me za ta ci.

Ni da nake yi wa mutane wa'azin kada su shafa abin da ba su san asalinsa ba.

Talata, 17 ga Yuni

Sun bushe. Wallahi sun bushe. Jan ya ragu, na haɓa sun lotsa, yau tishu ɗaya kawai na yi amfani da shi. Manaja ta wuce ta dawo ta riƙe haɓata ta juya ta wajen haske, ta ce ka ga aikin kayan kirki. Ta kira Gimbiya ta gani. Na bar wa mai tsadan yabon.

Na ƙara yawan shafawa, safe da rana da yamma. Kuma ina ɗora mai tsadan a sama, don kar kuɗina ya tafi a banza.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na tashi kamar an watsa mini ruwan zafi. Kumatu biyu sun yi jawur, gefen baki ya tsage, fatar tana saɓa. Ruwan sanyi ma raɗaɗi yake mini.

Yaya ta ga fuskar ta yi salati. Dole na fito da komai, har kwalin ƙasan akwati. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya kwalbar ta ga farashin, ta ajiye. Sai can ta ce, "Auta, makarantar fa?" Na ce zan mayar. Ta ce to.

Daga baya kuma ita ce ta zo tana ba ni shawarar lemon tsami da man goge baki, wai wata mai kawo mata ɗinki ta gwada. Na yi dariya, bakin ya ƙara tsagewa, dariyar ta koma kuka.

Na sa takunkumi na tafi aiki, na ce mura nake.

Asabar, 21 ga Yuni

Abin da na yi yau ba na son rubuta shi.

Wata Hajiya ta zo da 'yarta, ba za ta wuce sha biyar ba. Yarinyar ta ja mayafi har kan gira, idonta a ƙasa. Uwar ta kama fuskarta da hannu ɗaya ta ɗaga mini kamar mai nuna ɗinkin da tela ya ɓata. Wai ƙazanta ce, wai ba ta jin magana, wai duk danginsu babu mai irin wannan fata, wai ta daina zuwa makaranta sai an yi da gaske. Duk a gabanta, ga mutane suna wucewa.

Na san tsayuwar nan. Na san yadda ake ƙura wa tayil ido ana jira a gama.

Hajiyar ta ce a ba ta wanda ya fi kowanne tsada, ba ta son ƙananan abubuwa. Sai yarinyar ta yi magana, sau ɗaya tak, muryarta can ƙasa. "Anti, ke shi kike shafawa?"

Manaja tana tsaye a bayana tana jera kaya. Na ce shi ne. Na ce ta yi haƙuri da shi, in ta ga sun ƙaru da farko kada ta tsorata, dattin ciki yake fitarwa. Na naɗe musu ukun a leda mai igiya. Ta ce mini na gode, har da ɗan murmushi.

Ta cikin takunkumi na yi mata wannan ƙaryar, fuskata tana ruwa a ƙarƙashinsa.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ban fita ba. Na juya madubin ɗaki ya kalli bango.

Talata, 24 ga Yuni

Yaya ce ta ja ni asibiti, ɓangaren fata. Ta rufe ɗinkinta na rabin yini, ta ce in kwaso duk abin da na taɓa shafawa. Awa huɗu a kan benci.

Likitar dattijuwa ce, ba ta da fara'a. Na zazzage ledar a teburinta. Goma sha ɗaya, da masu tsadar da masu arahar, har da waɗanda na manta ina da su. Ta buɗe robar bakin tasha ta shinshina ta jefa a kwandon shara ba tare da ta tambaye ni ba. Ta ce irin waɗannan suna kwantar da ƙurji kwana biyu su cinye fata. Mai tsadan kuma ta karanta bayansa da tabarau, ta ce ba guba ba ne, amma mai ne zalla da turare, an yi shi don busasshiyar fata. Ni da maiƙo ke damuna na sayi maiƙo na ƙara.

Na ce to ƙazanta ce ko abinci? Ta ce ba ko ɗaya, haka fatar take, ciwo ne kamar kowane ciwo kuma ana maganinsa. Shekara goma sha huɗu, ba wanda ya taɓa ce mini haka.

Ta ce in daina komai sai ƙunar ta warke. Bayan nan ruwan wanki marar ƙamshi, da wani ɗan siririn magani na kemis, ɗigo kaɗan kafin barci, da na kare rana. Kada in matsa, kada in rufe da hoda. In dawo bayan wata uku.

Na ce, "Likita, kwana shida gare ni." Na ba ta labarin wakiliya.

Ta cire tabarau. "Fatarki ba ta san da zuwan wakiliya ba. Wata uku."

A hanya Yaya ta saya mini ruwa mai sanyi, na kasa sha.

Asabar, 28 ga Yuni

Sun dawo. Tun daga ƙofa na gane mayafin.

Fuskar yarinyar ta ninka yadda take, har wuya. Uwar ba faɗa ta zo yi ba, cewa ta yi tunda dattin yana fita a ƙara mata wani mai ƙarfi ya ƙarasa aikin, ta buɗe jaka. Yarinyar tana kallona. Ba da fushi ba, jira take in sake gaya mata ta yi haƙuri.

Ban shirya ba. Hannuna ne kawai ya je ya sauke takunkumin.

Na ce, "Hajiya, ki duba. Na shafa shi, ga abin da na samu da na haɗa shi da wani. Bai dace da fatarmu ba, ni da ita. Ƙarya na yi muku ranar nan." Na ce ba ƙazanta ba ce, likita ta gaya mini. Na yagi takarda na rubuta musu ranakun da ake ganin masu ciwon fata, na ce su je da wuri saboda layi.

Hajiyar ta zage ni, kuma tana da gaskiya. Ta ce a dawo mata da kuɗinta, murya har teburin turare. Manaja ta fito tana ba da haƙuri, tana hararata ta gefen ido. Gimbiya ta sunkuya tana neman wani abu a ƙasan tebur, karo na farko da na ga ta sunkuya.

Uwar ta bar takardar a kan gilashi ta fice. Yarinyar ce ta dawo da gudu ta ɗauka.

Manaja ta ce ba sai an jira talatin ga wata ba.

Litinin, 30 ga Yuni

Sito. Kwalaye har rufi, fanka ɗaya mai ƙara, ƙwan fitila rawaya. Ta ƙofar baya na ji ana tafa wa wakiliya. An sa wata sabuwa a wurina, fuskarta kamar cikin faranti.

Na zauna a kan kwalin sabulu na yi kuka mai isata, sannan na tashi na jera.

Laraba, 9 ga Yuli

Ƙunar ta warke, na fara maganin. Sababbi biyu a goshi. Hannuna ƙaiƙayi yake in matsa, sai in zauna a kansa.

Na gaya wa Yaya wannan watan abin da zan kawo ba zai kai na da ba. Ta ce dama ta ga na rame, ashe lissafi ne yake cina, in tashi in goge mata rigunan nan.

Ko sun je asibitin? Ba ni da hanyar sani.

Lahadi, 27 ga Yuli

Suna nan. Kar in yaudari kaina, suna nan, huɗu na ƙirga da safe, ga tabon kumatu ya yi duhu. Goshi yana ƙyallinsa. Saura wata biyu in koma wajen likita.

Yaya ta gama wata doguwar riga shuɗiya, mai ita ta yi tafiya, tana son ganin hoto kafin ta dawo. Tsayinmu ɗaya da matar, sai Yaya ta ce in sa. Na tsaya a bakin taga ta ɗauka. Na zaci daga wuya zuwa ƙasa za ta ɗauka, yadda muka saba, don ta san rabona da barin a ɗauki fuskata tun ina makarantar sakandare. Da ta miƙo wayar sai na ga har da kai. Ina dariya ma, don lokacin tana tsokanata wai na tsaya kamar sandar lantarki. Komai ya fito, na haɓa da na goshi.

Ta ce, "In goge?" Yatsanta yana kan wurin.

Na ce ta tura wa matar wani, wannan ta bar shi tukuna. Bayan la'asar na ce ta turo mini.

Rigar ce ta yi kyau, shi ya sa.