Mutum na Goma

Tamzilt, watan Heshban, 1963

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Rahel da yara. Allah na kakanninmu ya kare ku daga sanyin Marseille. Mu nan lafiya, sai gajiya. Mijina Nissim yana fama da ƙafa, Gwaggo Freha kuma kunne ya tafi, baki dai yana nan da ƙarfinsa.

Baba yana nan yadda ka bar shi shekara tara da suka wuce. Har yanzu daga Asabar zuwa Asabar ba ya sa komai a ciki sai ruwa da dabino uku bayan faɗuwar rana. Har yanzu hular alkyabbarsa a rufe take har hanci, don kada idonsa ya sauka a kan abin da zai raba shi da ambaton Ubangiji. Mutane na hawo dutse da kwalaben ruwa, Yahudawa da Musulmi, su sumbaci hannunsa suna kiran Rabbi Ya'ish, ya sa musu albarka. Su waliyyi suke gani. Ni da nake wanke masa riga ina ƙirga haƙarƙarinsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na dafa, ya ce a kai wa maƙwabta. Na yi faɗa, ya ce Zohra, Allah ya ƙara miki haƙuri. Shekarata hamsin ana roƙa mini haƙurin nan, na gaji.

Unguwarmu ta zama kufai. Kowane wata mota na zuwa ta kwashi gida biyu ko uku na mutanenmu masu barin ƙasar. Baba ya ce ba zai bar kabarin Inna da na malamansa ba. Da Dawid baduku ya tafi, maza suka koma tara a majami'a, kuma ka san ba a buɗe Attaura ko a yi wa mamaci addu'ar Kadish sai da maza goma. Nissim ya ji tsoron kada labarin ya karya tsoho. Shi da sauran suka roƙi Brahim, maƙwabcinmu Musulmi da ke hura mana wuta ran Asabar, ranar da addini ya hana mu aiki, ya yafa mayafin addu'a ya zauna can baya. Suka ce ai Baba ba ya ɗaga kai, kuma mu ba ma ƙirga mutane da lamba, sai da ayar nan mai kalma goma, kowane mutum kalma ɗaya, Nissim ne kuma ke karanta ta. Brahim ya ce shi dai kada a ce ya karanta komai, amin kawai ya iya.

Asabar uku ana haka. Duk ukun Baba bai sa a buɗe Attaura ba, ya kuma tsallake Kadish. A ta huɗu na kai masa shayi, ya ce in gaya wa Brahim ya gode, amma ya daina wahalar da gwiwarsa. Ya ce amin ɗin Brahim ya san ta shekara hamsin, ta kan katanga yake jin ta duk sanda aka roƙi ruwan sama. Ya ce amin ce mai kyau, Allah na karɓa, sai dai doka ba tasa ba ce da zai lanƙwasa ta. Na tsaya da butar a hannu kunya ta rufe ni. Ashe mu ne ba ma gani.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran sha biyu ga Kisleb, wata mai kamawa, ne zagayowar ranar rasuwar Inna, kuma tun da ta rasu ba a taɓa fasa yi mata Kadish ba. Bana babu goma. Na san abin da ya shiga tsakaninka da Baba, ranar da ka aske gemu ka buɗe shago ran Asabar, ya ce ba ya son jin takunka a gidansa. Na tambaye shi ko in rubuta maka, ya ce a'a. Can kuma, kamar da bango yake magana, ya ce doka ba ta ce na goma ya zama salihi ba, cewa ta yi ya tsaya a cikin ɗakin. Washegari ya ce in fito da mayafinka na addu'a daga akwati in shanya, wai kada asu ya ci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Mas'ud.

Ban ce ka dawo da zama ba, ban ce ka bar gemu ba. Ka zo ka tsaya. Ba zai ɗaga hula ya dube ka ba, kada ka sa rai, amma mutumin da ya gane amin ɗin Brahim ba zai kasa gane ta ɗansa ba.

Ka gaida Rahel, da 'yarka Simi, da ƙaramin Ya'ish da kakansa bai taɓa ɗora wa hannu a ka ba. Nissim da Gwaggo Freha da Brahim suna gaishe ka. Mayafin yana kan igiya, ban ninke shi ba.

Yayarka,
Zohra