Muryarki Bayan An Ce Kot

Zuwa ga Sahura, hasken idona, sanyin raina, ruwan randa da tsakar rana,

Gaisuwa daga Anka, inda nake gyaran rediyo yanzu. Jikina na nan, kunnena yana Gummi.

Kin tuna daminar da muka ɗauki fim a bakin gulbin Gummi, shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani? Darakta Makau yana ta ihun akshin kamar mai korar tsuntsaye daga gona. Ke ce jaruma, kowa ido a kanki. Ni kuwa mai ɗaukar sauti, wanda sunansa ke fitowa a ƙarshen fim bayan 'yan kallo sun watse. Aikina in miƙa miki ƙaramin makirfo ki maƙala a mayafi, in koma gefe in sa abin ji a kunne.

Da an ce kot, sauran 'yan wasa sai su kashe nasu. Ke ba ki taɓa kashewa ba. Sai ki sunkuya kamar mai bitar rol ɗinki, ki yi ta raɗa: wai takalmin furodusa na aro ne, furar lokeshin ta yi tsami, ni kuma na rame. Duk taron nan ni kaɗai ke ji! Wace kurciya ta taɓa kuka mai daɗin wannan? In ƙunshe dariya har Makau ya zaci ciwon ciki nake.

Sai dai na'urar nan hanya ɗaya gare ta: ke ki faɗa, ni in ji. Ana shirin sin na ƙarshe kika tambaye ni yaushe magabatana za su zo gidanku. Ban ko ɗago ba aka ce akshin. Ba a gama ba labari ya zo cewa hanya ba lafiya, yayanki ya ɗauke ki a babur. Aka yanke layukan waya, kuka koma Bukkuyum, lambarki ta daina shiga. Fim ɗin ko tacewa ba a yi ba. Kewarki ta hana ni sukuni, Sahura.

Yanzu na ji wasu sun fara neman aurenki a wurin Babanki, ya ce ki faɗi zaɓinki. To ga amsar da na kasa ba ki: kawuna Shitu zai zo gidanku ran Juma'a da goro. In tambayar nan tana da rai har yau, don Allah ki faɗa wa Innarki sunana, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Naki, muddin ina numfashi,
Zayyad