Kwamfutar da Ba Ta Shiga Jaka

Monze, Talata

Aikin farko yau: tafasa ruwa, wanke ƙafar maigidana Ba Mweemba, sake bandeji.

Yaya Choolwe,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya bakin tafki, yaya kasuwar kifin kapenta? Kifin da kika aiko ya iso, mun gode. Maigidana da sauƙi, sugan ya ɗan sauka, idon ne dai kullum ƙara hazo yake.

Shawara nake nema. Tsohuwar kwamfutarmu ta ƙone ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi. Ga bidiyon bikin mutane a hannuna ban haɗa ba, kuma kin san da wannan aikin 'yata Luyando take makaranta. Watan nan ni ke ɗaukar adashi. Mai shago a Lusaka ya ce kuɗin zai yi ɗaya cikin biyu: ko kwamfutar hannu guda mai ƙarfi, wadda za ta ɗauki aikin bidiyo duk inda nake, ko ta tebur mai babban allo, a haɗa mini da wata 'yar ƙarama ta hannu wadda ba ta wuce rubutu ba.

Na ja layi a tsakiyar takarda na jera amfani da illa. Ta hannu tana da batir, in an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take. Ta tebur ta fi jimiri, in wani abu ya lalace a cikinta shi kaɗai ake canzawa. Na karanta har na haddace, ban matsa ko'ina ba. Kin san ni.

Ƙanwarki,
Miyanda

Sinazongwe

Miyanda,

Lafiya lau muke, sai zafi. Ki gaida mara lafiya.

Ke da jere-jerenki! Tun muna yara kafin ki zaɓi mangwaro ɗaya an kwashe kwandon. Kin cika takarda da batir da jimiri, abin da ya kamata ki rubuta ba ki rubuta ba. To ni zan faɗa, ki ji haushina.

Mijinki ba ya samun sauƙi. Ni na gan shi da Kirsimeti. Kin manta keken ɗinkin Mama? Da guminta ta saye shi, amma ranar da aka binne Baba, tun wutar makoki ba ta mutu a tsakar gida ba, danginsa suka ɗora shi a amalanken shanu. Duk abin da ya zauna a falo na namiji ne a wurinsu. Abin da ke cikin jakar mace kuwa ba wanda zai sa hannu a gaban mutane.

Ki sayi wadda ke shiga jaka. Ranar da abin ya faru ki miƙo mini ita ta taga, ni ba na jin kunyar Ba Cheelo, wan mijinki ne ba nawa ba.

Yayarki

Monze, Lahadi

Yaya Choolwe,

Ina fata kina lafiya. Na daɗe ban amsa ba, da gangan ne. Na yi fushi, sannan na ga gaskiya kika faɗa, sai fushin ya ƙaru.

Ta tebur na saya, da 'yar ƙaramar.

Kafin ki tsine mini, ki sani maigidan ma bakinku ɗaya. Na karanta masa jerina, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Maman Luyando, sayi ta jaka. Na fi ki sanin 'yan gidanmu." Na ce to. Washegari na shigo da koko na tarar ya manna wayata a hancinsa yana neman fuskar amarya a hoton da na ɗauko, yana juya ta sama da ƙasa. Mutumin da ya koya mini riƙon kyamara, Yaya. Da ya ji motsina sai ya ajiye ya ce ƙura yake gogewa. A motar Lusaka na yi ta cewa ta jaka, ta jaka. Da na shiga shagon na nuna allo mafi girma.

Na saka ta a falo, kusa da taga. Na jawo masa kujera har gwiwarsa na taɓa teburin. Ya ƙura wa hoton da ke allon ido, can ya ce, "Wa ya ɗauki wannan?"

Na ce, "Ni."

"Kin yanke wa uwar ango rabin ɗankwali. Shekara nawa ina koya miki? Gara in ba akuya kyamarar."

Na ce, "Akuyar za ta wanke maka ƙafa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin a yanke masa yatsun ƙafa. Yanzu duk lokacin da aka kawo wuta shi ke fara kirana. Shi ke zaɓen hoto, ni ke danna abin da ya ce. Ya koma aske gemu.

Ba Cheelo ya zo dubiya ranar Asabar bayan coci. Bai daɗe a kan ƙaninsa ba. Ya zagaya teburin, ya shafa bayan allon da tafin hannu kamar mai duba saniya, ya ce, "Ashe ƙanena har yanzu yana da ƙarfin sayayya." Na ce da adashina na saya. Ya yi murmushi ya ce, "Ai gida ɗaya ne."

Ban san ko na yi daidai ba. Wata rana in ce na yi, wata rana in kalli Luyando.

Ƙanwarki,
Miyanda

Ƙauyen Hamaundu

Zuwa ga matar marigayi ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina samun haƙuri. Dangi sun yaba da ɗawainiyar da kika yi da ɗan'uwanmu har Ubangiji ya kira shi.

Na samu saƙonki ta bakin dattijon cocinku. Ina so ki fahimta cewa ba a yi miki ƙwace ba. An raba kayan Mweemba ne a gaban manya kamar yadda muka gada. Kowa ya shaida a gaban wannan na'ura yake wuni, kujerarsa ma a wurin take. Sana'ar hoto kuwa tasa ce tun kafin ya san ki. Dangi sun ga ya dace ta zauna a hannuna saboda ɗan ƙanwarmu da zai shiga kwaleji.

Saboda tausayi mun bar miki ƙaramar da ke jakarki, da gado, da tukwane. Batun hukuma da na ji ana raɗawa, ina ba ki shawara ki tuna Luyando jininmu ce, kuma wata rana za ta nemi waɗanda za su tsaya mata a aure.

Naki cikin zumunci,
Cheelo

Sinazongwe

Miyanda,

Na ga kwafin takardar wannan tsohuwar kurar. Ba zan ce na faɗa miki ba, na rantse ba zan ce ba. Akwai doka yanzu, ba zamanin Mama ba ne. Ki ce mini to, in hau motar asuba mu je ofishin 'yan sanda tare, in yi musu ihun da zai kai Choma. Abu ɗaya kawai nake son ji daga bakinki: da za a mayar da ke shagon nan, wacce za ki nuna?

Ki ci abinci.

Yayarki

Monze, Alhamis

Yaya Choolwe,

Na gode. Kada ki hau mota tukuna.

Jiya na je Hamaundu, don bikin mutanen Mazabuka yana cikin babbar kwamfutar kuma uwar amarya ta fara zagina a kasuwa. Na durƙusa na gaida Ba Cheelo, na roƙi a bar ni in kwafe aikin. Ya ce bismillah, ai gida ɗaya ne. Tana kan kabad, an lulluɓe ta da mayafin saƙa, an ɗora furen roba a kai. Ƙauyen ba wuta, Yaya. Ko turken wuta babu. Matarsa ta ba ni chibwantu, kunun masara, na sha, na yi godiya.

'Yar ƙaramar na gwada ta da bidiyo. Ta yi zafi, ta yi gurnani, ta tsaya.

Tambayarki ina ta juya ta. Na ja layi a takarda. A gefe ɗaya na cika har ƙasa. A ɗaya gefen abu guda na samu na rubuta, wai ya koma aske gemu. Ban iya cewa wanne ya fi nauyi ba.

Na gobe:
Neman batirin mota na kunna kwamfutar, da mai amalanke zuwa Hamaundu.
Ba uwar amarya haƙuri.
Ganin shugabar makarantar Luyando.
Mayar da ragowar bandeji asibiti.
Ɗauke kujerar daga gaban teburin. Tun makon jiya take cikin jerin.

Ƙanwarki,
Miyanda